Zaman Bakin Ƙofar da Ya Cinye Gonarmu

Shagon ɗinkina yana kallon ƙofar wani depo, wurin sauke kaya da lodi, a unguwar Gare ta Parakou, shi ya sa abin da ya sami yayana ba labari aka ba ni ba. Ina zaune a kan kekena, da zare a baki, na gan shi da idona wata da watanni.

Depon na wani mai manyan motoci ne. Kaya na zuwa daga kudu, a sauke, a sake loda su a kamiyo, wato manyan motocin kaya, masu wucewa arewa. Yayana shi ne mai ɗaure tanfol. In an gama lodi, shi ke hawa can ƙololuwa ya shimfiɗa tanfol, ya ja igiya, ya ɗaure yadda ruwan sama ba zai taɓa buhu ba har mota ta kai inda za ta. Tun ina budurwa yake wannan aiki, har na yi aure, na haihu, na buɗe shago. Igiya ta ci yatsunsa har in allura ta faɗi mini a ƙasa ba ya iya tsince ta, sai dai ya nuna mini inda take.

Mu 'yan Djougou ne. Kakanninmu fataken goro ne da suka yada zango a can, zama ya yi daɗi, suka ƙi tashi. Abin da suka bar mana, ban da harshe da addini, shi ne sanin darajar maigida. A wurinmu maigida ba mai biyanka ba ne kawai. Shi ne wanda ka sauka a gidansa, ka riƙe amanarsa, shi kuma in kasuwa ta mutu ba zai bar ka da yunwa ba. Ba a tambayar maigida takarda, tambayar ma cin fuska ce. Da wannan tarbiyya yayana ya shiga depo, ya ɗauki mai motocin nan ya ajiye shi a inda kakanninmu ke ajiye mai masaukinsu. Duk mutanen wurin patron suke ce masa, Yaya kaɗai ke cewa Maigida. Mutumin kuwa ban yi zaton ya san fuskarsa ba, don a mota yake shiga, a mota yake fita, gilashi a rufe.

Fatake ba su da ƙasa. Gonar da gidanmu ke nomawa a ƙauyen Kolokondé ta aro ce. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, shi ya roƙe ta a hannun wani dattijo ɗan ƙabilar Yom, da mahaifin namu ya rasu ta dawo wuyan Yaya. Sharaɗin aron kowa ya san shi: ka noma da hannunka, ka kai wa mai ƙasa doyar farko, in kuwa lokacin aiki ya wuce ba ka zo ba, gona ta koma wurin mai ita ya ba wanda zai noma. Ba mugunta ba ce, haka al'adar take. Gefe doya, gefe masara da dawa, ana juyawa. Daga nan Inna ke ci, daga nan matar Yaya da 'ya'yansa ke ci, ni ma a Parakou ban cika sayen doya ba.

Ita doya tana da lokacinta. A ƙarshen damina ake tada mata tudu, tun ƙasa na da laushi. Da rana ta gasa ƙasar, ko galma goma ka kawo sai dai ka karya ƙota. Abin da ya sa Yaya ke ganin Maigida kamar waliyyi ke nan. Duk shekara in ruwa ya fara ɗaukewa, shef, wato mai kula da 'yan lodi, zai tara su ya ce kowa ya je ya huta na 'yan makonni. Haka kuma in ruwan farko ya sauka. Sai Yaya ya zo shagona yana washe baki.

"Kin gani, Auta? Maigida ya san ina da gona."

Ya tafi ya yi aikinsa, ya dawo da doya manya-manya a buhu, ya ce a kai wa Maigida godiya. Shef ke karɓa. Ni da kaina na sha taya shi zaɓen waɗanda ba su da tabo.

Shekarar da aka rufe iyakar arewa, kamiyo suka yi layi a Gare kamar shanu a kara, ciyawa ta fara fitowa ƙarƙashin tayoyinsu. Masu abinci suka rage tukunya, ni ma ɗinki ya ja baya, don matan direbobi su ne rabin masu kawo mini atamfa. Sai aka tara mutanen depo aka gaya musu an shiga shomaji teknik. Ma'anarsa ba a kore ka ba, ba ka kuma aiki, za a riƙa ba ka wani abu daga albashi har hanya ta buɗe. Yaya ya shigo wurina da murnarsa, ya ce ai dama ya sani, Maigida ba ya yar da nasa.

Wata ya ƙare. Direbobi suka karɓa, 'yan ofis suka karɓa, shef ya karɓa. 'Yan lodi suka tsaya suna kallon juna. Shef ya fito ya ce nasu ana kan dubawa, amma da sharaɗi: kowa ya riƙa zuwa bakin ƙofa kullum da safe. Ranar da patron ya yanke magana, ko mota ta samu, wanda ba a gani ba shi ya sallami kansa.

Daga nan aka fara zaman da nake magana a kai. Akwai wata bishiyar mangwaro a bakin ƙofar, da tsofaffin tayoyi a gindinta. Da hantsi za ka gan su sun jeru a kai, magidanta masu furfura, kowa da rigar aiki kamar yanzu za a kira shi. Yaya har igiyarsa yake zuwa da ita a kafaɗa. Su bi inuwa tana juyawa suna juyawa, a yi azahar, a yi la'asar, a watse. Jefi-jefi wata mota mai zuwa kusa ta samu, shef ya fito yana kaɗa makulli a yatsa, ya nuna mutum biyu ko uku da haɓa, ko sunansu ba ya kira. Sauran su gyara zama, su ce gobe sai mu. Wannan 'yar motar da ke fitowa jefi-jefi ita ta fi ba ni haushi, don ba don ita ba da tuni sun watse sun nemi abin yi. Zaman kashe wando na sani, amma ban taɓa ganin wanda ake yi da izinin wani, a kuma ce maka aiki ne ba.

Ruwa ya fara ɗaukewa. Inna ta kira ni a waya ta ce mai ƙasa ya aiko yana tambaya ko lafiya, bai ga ɗanta ba. Na tsallaka titi na gaya wa Yaya. Ya ce ba komai, lokacin hutu ne ma, bari ya je ya sanar da shef. Ina tsaye daga baya na ji amsar da aka ba shi.

"Hutu? Wanda ya yi aiki ai shi ke hutawa. In tafiya za ka yi ga hanya nan, amma kada ka dawo ka ce ban gaya maka ba."

Hutun da ake tura su dole duk shekara, ko suna so ko ba sa so, shi ne yau ya zama abin roƙo. Na ce wa Yaya ya tattara ya tafi, gona ta fi wannan ƙofar. Ya ce in ya tafi ranar da Maigida zai fito da haƙƙinsu fa? Shekarun da ya yi su tafi a banza? Na ce to a nemi 'yan ƙwadago su tada tudun. Ya dube ni kamar ban san garinmu ba, kuma da gaskiyarsa: a wannan lokaci kowa na gonarsa, ga hannu babu nauyi, ga shi mai ƙasa mutum ya ara wa gona, ba ɗan aike ba.

Abin ya ci ni ya ci ni, ran nan na rufe shago na shiga depon da kaina. Na tarar da mai lissafin kamfanin a ofis, wani mutum mai fara'a, har kujera ya ba ni. Na ce ni ƙanwar mai ɗaure tanfol ce, na zo in ji yaushe maganar 'yan lodi za ta fito.

"Wace magana, madam?"

"Ta shomaji. Shef ya ce ana kan dubawa."

Ya cire tabarau ya goge. Ya ce shomaji teknik na wanda ke da yarjejeniyar aiki ne, ita ake dakatarwa, shi ya sa ake ba shi wani abu. Su kuwa 'yan lodi okaziyonel ne, masu aikin yini. Da safe ake ɗaukar su, da yamma an rabu. Babu abin da za a dakatar.

Na ce, "Malam, tun ina budurwa yake nan."

"Amma duk shekara yana tafiya, ko ba haka ba? In ya dawo, sabon ɗauka ne."

"Ku ne fa ke cewa ya tafi!"

Ya buɗe hannuwa, ya ce tsarin ke nan, ba shi ya kawo shi ba. A nan na gane hutun. Ba don gona ake ba su ba, ba don gajiya ba. Ana yanke musu aiki ne gunduwa-gunduwa don kada ya haɗu ya yi tsawon da za a kira mutum ma'aikaci. Mu kuma muna can muna zaɓen doya marar tabo muna kai godiya.

Na daure na ce, to me ya sa ake tara su a ƙofa kullum?

"Wannan tsakaninsu da shef ne. Ba wanda ya tilasta su. Yana son in mota ta samu ya tarar da mutane kusa, shi ke nan."

Na tambaye shi ko akwai wani wuri da irin Yaya zai je a dube shi, tunda aiki ya tsaya ba da laifinsa ba. Ya ce shi dai bai san da shi ba. Ya raka ni har bakin ƙofa yana mini sannu, ladabin nan nasa ma ƙara mini takaici ya yi.

Na zaci in na gaya wa Yaya zai miƙe ya kama hanyar Djougou. Ina! Faɗa ya rufe ni da shi. Wa ya aike ni? Ina mace na shiga gidan Maigida ina tuhuma, na zubar masa da mutunci. Ya ce mai lissafi yaro ne na jiya, bai san abin da ke tsakaninsa da Maigida ba, shi daga bakin Maigida yake so ya ji. Na ce, "Yaya, me ke tsakaninku? Ya taɓa kiran sunanka?" Ya kawar da kai. A gidanmu ƙanwa ba ta ja da yaya fiye da haka, sai na yi tsaki a ciki na koma kan kekena.

Ya kuwa samu abin da yake jira. Wata safiya motar mai depon ta zo, maigadi ya yi jinkirin buɗe ƙofa, ta tsaya. Yaya ya tashi da sauri ya je ya durƙusa a gefenta cikin ƙasa, yana jero gaisuwa irin tamu, ta gida da iyali da gajiya. Gilashi ya sauka kamar faɗin tafin hannu. Mutumin, waya na kunnensa, ya ce, "Kuraj, kuraj," gilashi ya koma sama, mota ta shige. Kalmar sannu da ƙoƙari ce, irin wadda ake gaya wa mai tura amalanke in ya wuce ka a hanya. Yaya ya dawo gindin mangwaro ya gaya wa sauran cewa Maigida ya ce su ƙara haƙuri, yana sane da su. Da wannan kalma ya yi makonni yana ƙoshi. Ni kuwa da na ga yayana, wanda ya goya ni, a durƙushe gaban ƙarfe da gilashi, sai na sauke labulen shago.

Da na ga ba zai motsa ba, na hau mota na tafi Djougou, na ɗauki Inna muka bi hanyar daji zuwa Kolokondé. Mai ƙasa ya tsufa ƙwarai, ido ya fara tafiya. Ya sa aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo ruwa, suka gaisa da Inna da harshen Dendi, suka yi ta tuna mahaifinmu. Sannan ya zo kan magana ba tare da kewaye-kewaye ba. Ya ce wani mutum daga wajen Pélébina, mai 'ya'ya da yawa, ya daɗe yana roƙonsa wuri, yana ce masa ya dakata. Ya aika aka ɗebo ƙasar gonar a ƙwarya, ya murza ta da yatsu, ya miƙa wa Inna ta taɓa. Ta fara tauri, amma da saura.

"In ɗanki ya zo kafin ta bushe, gonarsa ce. In bai zo ba, ba zan bar ƙasa ta kwana da yunwa ba alhali ga mai nema."

Gaskiya ya faɗa. A gabansa na kira Yaya, na ba Inna wayar. Ta ce, "Ɗana, ka zo. Gonar ubanka ce." Ina jin muryarsa yana cewa ta yi masa haƙuri, shef ya ce a wannan makon akwai labari, da zarar an ji zai taho ko da kwana ne a hanya. Inna ta miƙo mini wayar. A hanyar komawa gefen mayafinta take ta murzawa.

Makon ya wuce babu labari, na bayansa ma haka. Dattijon ya jira fiye da yadda ya ce, sannan ya ba mutumin Pélébina gonar. Ya aiko har gida ya sanar da Inna, don kada ta ji a bakin duniya. Ban ji haushinsa ba ko kaɗan. Tun farko ya faɗi sharaɗinsa, bai canza ba, bai kuma ɓoye ba. Tsoho a ƙauye da ba ya karatu ya fi masu ofis da tabarau iya gaya wa mutum matsayinsa.

Su Yaya suka ci gaba da zama har rani ya yi nisa. Ƙarshenta ba patron ne ya sallame su ba, ba shef ba. Maigadi aka aiko ya ce an ce taruwarsu a bakin ƙofa tana ɓata wa kamfani fuska, kowa ya bar lambar wayarsa ya koma gida, in an buƙace shi za a kira. Yaya ya shigo shagona ya zauna a benci, igiyarsa a cinya. Na shirya maganganu masu zafi tun watanni, amma da na dubi yadda wuyansa ya yi tsawo sai na kasa. Ruwa na ba shi. Washegari ya tafi Djougou.

Da ruwa ya zauna na je gaida Inna. Na tarar suna auna masara daga kasuwa, abin da gidanmu bai taɓa yi ba tun ina yarinya. Na tambayi inda Yaya yake, matarsa ta sunkuyar da kai ta ce yana Kolokondé, ƙwadago yake yi. Ban tambayi gonar wa ba. Na hau babur na tafi, zuciyata na gaya mini abin da zan tarar.

A gonarmu na same shi. Doyar mutumin Pélébina ta fito ta yi kyau, Yaya na bin tudu ɗaya-ɗaya yana kafa mata sanda yana naɗa yaɗon. Sabon mai gonar ya taho ya gaishe ni yana sosa ƙeya, ya ce shi ma bai so ba, amma Yaya ne ya zo da kansa, kuma babu wanda ya san inda ruwa ke kwanciya a wurin nan kamarsa. Aikin yini ne, da yamma a sallame shi. Na tsaya a bakin gona ina kallon bayan yayana, rigarsa ta jiƙe da gumi, a ƙasar da mahaifinmu ya share da hannunsa.

Ya hango ni ya taho yana murmushin kunya. Muka zauna a inuwa, na buɗe ɗan abincin da Inna ta ba ni in kai masa. Bai kai loma ta uku ba wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya duba, ya miƙe tsaye zumbur, ya goge hannu a wando kafin ya amsa. Daga inda nake ina jin muryar shef. Motoci biyu sun samu, gobe da safe, aikin yini, in yana so ya zo da wuri don akwai masu jira.

"To, shef. In sha Allahu, shef. A gaida Maigida."

Ya kashe wayar. Bai yarda mun haɗa ido ba. Ya dubi sandunan da suka rage a ƙasa, ya dubi rana, sannan ya ce, "Auta, motar farko ta Parakou har yanzu bayan sallar asuba take tashi?"

Na rufe kwanon abincin. Na ce masa eh.